Munduwar Inna da Wutar Kumasi

Wanda za shi yarda shi yarda, wanda ba shi yarda shi tahi shi sha hura shi dawo, ba ni canza ko kalma guda: ni Labbo, ɗan maƙeran Sabon Birni, na taɓa ƙone ƙarhe ƙurmus cikin ruwan sanyi. Babu gawayi, babu zugazugi, babu ko hayaƙin da za shi sa ƙuda tari. Na ga kun hwara murmushi. Ku yi abinku, Baba ma haka yay yi.

Cokali na yaj ja min. Zamanin Turawa, bayan an gama yaƙin Bama sojoji sun dawo gida, wani mutumin Isa yaz zo maƙerarmu daga Kumasi da cokali hwari tas. Yac ce wai tagulla ta, anka yi mata wanka da azurhwa, da wata wuta wadda ba ta da harshe. Baba yaj juya cokalin gaba da baya yac ce ƙarya ta. Ni kau bakina ba shi da ƙyaure. Nic ce gaban maƙera dut za ni Kumasi in koyo, in dawo in maida kowace tagulla ta Gobir azurhwa, har ƙararrawar wuyan jakin maƙwabcinmu.

Ashe Inna na bayan danga tana ji. Tak kira ni, tac cire munduwar hannunta, ta tagulla, wadda tag gada ga uwarta. Gidanmu ita aka sa ma ɗiya mace ranar sunan haihuwarta ta hwari. Ƙanwata Kulu lokacin amarya ta.

"Ungo," tac ce. "Hwara da wagga. Amma ran da Kulu za ta yi suna, munduwar ga tana hannunta, hwara ko ja. In ba ta nan, kai ma kada in gan ka nan."

Tahiyar ƙasa daga gida zuwa Yamai ba ni ba ku labarinta, don ƙahwahuna sun roƙe ni in manta. Ga tashar Yamai nih haɗu da Hamani, wani Bazabarme direba mai kai albasa Kumasi shi ɗauko goro. Shina ganin zanen Gobir ga kumatuna sai yab buga tsalle.

"Alhamdu lillahi! Yau Allah ya kawo min bawana har mota. Kai Bagobiri, wa yak kakkarce ma huska haka, kaza?"

"Ubangidanka na yaz zo," nic ce. "Sauko ka shimhiɗa min buzu."

Kun san mu da Zabarmawa, wasa na tun na kakanni. Buzun da yash shimhiɗa min shi na buhun albasa, can ƙololuwar mota, tsakanin wani rago da ba shi son mutane da wani tsoho da ba shi son raguna.

Hamani ba tuƙi shika yi ba, gudun ceton rai na. In yah hango mota gaba sai ka ji injin ya yi kuka kamar an taka wutsiyar kare, shi wuce ta, shi leƙo kai shi ce ma direban shi gaida na baya. Akwai wata tsohuwar mota mai ɗauke da shanu, direbanta dattijo, shina tahiya kamar shina tsoron tada ƙasa daga barci. Yadda munka wuce ta, na rantse har ragon kusa da ni yay yi mata dariya.

Bakin iyakar Hwaransa da Ingilishi wani jandarma, ɗan sandan Hwaransa, yal lalube ni yaj ji ƙarhe ga damtsena. Yac ce in tuɓe riga. Da yag ga munduwar mata ga hannun ƙato, yak kirawo abokan aikinai dut sunka zo kallo, suna ta "Madam! Madam!" Sun bar ni da munduwata, amma Hamani ya ji sunan, kuma Bazabarme ba shi yada abin da yat tsinta.

Tamale munka kwana. Tun da ni ba a tambayata labari, ni ka ba da shi kyauta, kahin a yi Magariba rabin tasha sun san abin da za shi kai ni Kumasi. Sai ga wani ɗan gari mai baƙin gilashi, Hausatai zaƙi kamar an jiƙa ta cikin zuma.

"Haba ɗan'uwa, mi za ka yi Kumasi? Aikin da za su ɓata ma shekara, ni kahin ka gama tauna goron ga na gama shi."

Yah hiddo wani ɗan gwangwani, yaɗ ɗebi wata hoda, yat tohwa mata miyau, yag goga ma munduwar da tsumma. Jama'a, tay yi hwari! Hwari har nig ga haƙorana ciki. Nir rungume shi. Da yac ce mi za ni ba shi, nic cire gwadon da nika ruhwa da shi nim miƙa mai, ina ma jin kunyar na cuce shi. Na so in juya gida daga nan, Hamani yac ce tun da na biya kuɗin Kumasi, Kumasi za a kai ni ko ɗaure.

Allah shi saka ma rowar Bazabarme. Kahin mu kai Salaga hwarin ya hwara dabbare-dabbare kamar kyanwa mai ƙazuwa. Wanshekare munduwa ta koma ja, har ta hi da ja.

"Madam," in ji Hamani, "kwalliya ta goge."

Sai Yeji. Ku riƙe sunan garin ga, za mu dawo mai. Kogi na wanda in ka tsaya wannan gaɓa, mutumin waccan gaɓar kamar ƙwaro. Babu gada. Wani jirgin ƙarhe na, shimhiɗaɗɗe kamar hwaranti, shi ɗauki 'yan motocin da shika iya ɗauka, a ja shi bisa igiyar waya a hankali, shi sauke, shi dawo a hankali. Motoci kau sun yi layi har ba ka hangen na gaba. Hamani yat taka birki, yas sauko, yad dubi layi, yad dubi jirgi, yak koma yad danna ham har kunnuwanmu sunka toshe. Mai jirgin ko waiwayowa bai yi ba.

Da la'asar sakaliya sai ga motar shanun nan tana tahe, ƙiƙi-ƙaƙa, tat tsaya dab bayanmu. Dattijon yas sauko, yam miƙe ƙugu, yad dubi Hamani.

"Sannu da gudu, ɗana."

Kuma da yake shanu rai gare su, albasa kau ba ta kuka, masu jirgi sunka ce motar shanu ta wuce gaba. Muna zaune bisa buhuna muna kallo yaƙ ƙetare. Ragon bai yi dariya ba wannan karon.

Mun yi kwana da kwanaki bakin kogin nan. Ga ni babu gwado, ga sauron Yeji wanda sai ya ɗaga hannunka ya duba inda yah hi tsoka kahin shi ciza. Abinci kau wani dunƙulen masara mai tsami cikin ganye, da tonka mai yaji wadda ka sa mutum tuna zunubbanai. Nan na nit tuna hurar Inna da nonon Hulanin Burkusuma, har nij juya baya niy yi kamar albasa ta ka sa ni hawaye. Tsohon da ba shi son raguna yaj ja gehen bargonai yar ruhe min ƙahwahu.

Kumasi ruwan sama ba shi neman izini. Itace ko'ina, ba ka ganin ƙarshen sama, kamar an kihe ka da ƙwarya. Nis sauka Zango da yunwa wadda tas sa nika ganin mutum guda biyu. Wata Bayaraba mai tuwon shinkahwa, ana ce mata Iya, tah hango zanena tat tahwa hannu.

"Bagobiri! Wa ya kwance ka? Zo nan, ɗan bawan gidanmu, kada ka mutu a ƙofata a ce ni ce."

Su ma Yarabawa abokan wasanmu na. Ban taɓa sanin ribar zanen ga ba sai cikin baƙon ƙasa: kowa shi zage ka, kowa shi cishe ka. Ita Iya tan nuna min shagon Saja Kwaku, bayan tashar manyan motoci.

Saja Kwaku mutumin Asante na, tsohon soja, gajere mai kauri kamar turmi. Wajen yaƙi yak koyi aikin batir. Da yad dawo yab buɗe shago shina ma kwanon hitilar mota wankan azurhwa, da cokula, da kohunan coci. Hausatai ta bariki ta, wadda ba ta san mace ba ba ta san namiji ba, kowa "ya" na.

"Kai wane aiki ka sani?" yac ce.

"Ni maƙeri na, jikan maƙeri. Wuta ƙanwata ta."

"Nan wuta ba kanwa. Nan wuta maigida. Dauki tsumma." Yaƙ ƙara dubana. "Kuma Hausa naka kamar mutum yana hura koko. Hwa, hwa, hwa."

Tsumman nan shi niɗ ɗauka har damina tac canza. Kahin ƙarhe shi ga azurhwa sai an goge shi da toka, an dirje shi da buroshi, an dahwa shi cikin ruwan soda, an ɗauraye, an tsoma ruwan tsami, an sake ɗaurayewa. In yatsanka yat taɓa shi bayan nan, a koma hwarko. "Yatsa daya," in ji Saja, "azurfa ya ki zama." Ni da niz zo in zama mai maida tagulla azurhwa, sai ga ni mai wanke-wanke, har zanen tahin hannuna yag goge.

Wurin wankan kau ba wani abin kallo ba na. Babban kwanon tangaran, cike da ruwan magani mai guba, wanda Saja yac ce in na lasa ko Iya ba ta samun damar zagina na bankwana. Gehe guda an rataye hwallen azurhwa ga waya, gehe guda abin da za a wanke ga wata waya. Wayoyin su tahi ga batir na mota. Tsakani akwai wani naɗin waya mai ɗan ƙarhen da aka turawa gaba ko baya, Saja na ce mai linzami, da wani agogo mai allura guda wanda ka nuna yawan wuta. Shi ke nan. Sai a zauna. Saja shi tura linzami kamar kaurin gashi, shi ɗauki wata 'yar muciya shina motsa ruwa a hankali kamar mai dama kunun majinyaci.

Abin ga na cina. Gidanmu in aiki yay yi nawa, kalma guda Baba ka hwaɗi: "Zuga!" In zuga, wuta ta tashi, ƙarhe shi yi laushi, a gama. Tun ina rarrahe nis san wuta da yawa aiki da sauri. Ga mutum da wuta cike da batura, ya sa mata linzami kamar jakin aro. Nic ce ma raina rowa ta. Kowane gari da irin rowarsu, ta Kumasi ta wuta ta. In na ce mu ƙara, shi ce, "Bari." In na ce a sa munduwar Inna, shi ce, "Sai hannu naka ya yi hankali."

Wata Asabar ina cin tuwo wajen Iya sai nij ji an ce, "Madam!" Ko ban waiwaya ba na san mai shi.

"Saƙo gare ka," in ji Hamani, shina zuba hannu cikin kwanona. "Hwataken Isa nig gani Yamai. Sun ce ƙanwarka ta yi nauyi, watanta ya kama. Tsohuwarka ta ce a gaya ma hannun Kulu na jira. Gobe da hantsi nika tashi da goro, kuma ba ni jiran bawa."

Nir ruga shago. Saja ba shi nan, ya ɗaura jan zane ya tahi jana'iza, kuma jana'izar Asante ba irin tamu ta ba da aka gamawa kahin hura ta yi tsami. Su wuni aka yi ana kiɗa, mutum bai san ana son shi ba sai ya mutu. Abin da yac ce min da sahe guda na: "Kada taba wuta."

Tau, ni dai maƙeri na. Ka ce ma maƙeri kada shi taɓa wuta?

Nig goge munduwa yadda anka koya min, ban tsallake komi ba, ko Saja ya shaida wannan. Nir rataye ta. Nis sa linzami inda shika sa shi. Niz zauna. Wani ɗan hwari-hwari yah hwara hawa, a hankali, kamar hawainiya na hawan dutsi da ciwon baya. Nid dubi rana ta ƙohwa, nit tuna hantsin gobe, nit tuna huskar Inna. Nij ji muryar Baba cikin kaina, tas: "Zuga!"

Nit tura linzami har ƙarshe. Allurar agogo tay yi tsalle. Nic ce yawwa, yanzu ka yi magana. Sai nij jawo dut baturan shagon, har na direbobin da sunka kawo ajiya, nij jona su bi da bi yadda nig ga Saja na yi in za shi tada mota. Allura tab bugi bango tal lahe. Ruwa yah hwara kumhwa kewayen munduwa, ɓul-ɓul-ɓul.

"Ta tahwasa!" nic ce. Har kirarin maƙera niy yi ma kaina, ni kaɗai cikin shago, ina taka rawa. Muciyar motsa ruwa kau na can ƙasa, wa ka tuna ta.

Da nig ga ya isa nij jawo waya.

Jama'a. Kun san ƙanzon tukunyar da anka manta bisa murhu aka tahi biki? Ya hi ta kyau. Baƙa ƙirin, ta yi wani gashi-gashi ga bakinta, in ka hura sai baƙin gari shi tashi. Nit taɓa gehen kwano: sanyi. Nid duba ƙarƙashi ko wani ya sa gawayi: babu. Munduwar kakata, wadda tat tsira ga jandarma, tat tsira ga mai gilashi, ga ta ta ƙone cikin ruwan da ko ƙwai ba shi dahwawa.

Haka Saja yat tarad da ni da la'asar, zaune ƙasa, munduwa na lilo ga waya. Yad dube ta, yad dubi batura, yad dubi linzami. Na ɗauka za shi ɗauko bel ɗin soja. Sai yaj jawo kujera yaz zauna.

"Kai ka zo Kumasi da kafa daya?"

"Da mota, Saja."

"Azurfa ma tafiya yana yi." Yan nuna hwallen azurhwa. "Nan gida nasa. Ya sauka cikin ruwa, magani ya sa masa riga, don ba ya tafiya tsirara. Sannan ya ketare ruwa, daga nan zuwa can. Ya kai bakin kofa na munduwa, ya tube riga. Sannan ya karbi wuta, kadan, rabo nasa."

"Tau ai wutar nib ba shi! Har da gyara!"

"Rufe baki, hwa-hwa. Ya karbi wuta, sannan ya nemi wuri kusa da dan'uwa, ya zauna, layi layi kamar soja a fareti. Layi ne haske. Yanzu gaya mini, wuta naka yana aiki ina?"

"Ko'ina."

"Bakin kofa kawai. Wuta ba ya dauko azurfa daga tsakiyar ruwa. Ka zo ta Yeji?"

Nic ce na zo.

"Direba naka ya yi gudu?"

"Kamar an biyo shi da tabarya."

"Ya ketare da wuri?"

Nig ga dattijon shanu tsaye gabana shina miƙe ƙugu.

"Yeji, jirgi ne maigida," in ji Saja. "Ba inji ba, ba ham ba. Kai ka danna ham. Azurfa na bakin kofa ya kare nan da nan, na baya yana iyo, bai iso ba. Wuta ya duba, ba wanda zai ba. Sai ya kama ruwa kansa, ya yayyaga shi. Shi ne kumfa da ka yi wa rawa."

"Wa yac ce ma na yi rawa?"

"Sawu naka cike da kasa. Kuma dan azurfa da ya iso, wuta ya fizge shi tun bai tube riga da kyau ba, ya jefa shi ko'ina, wannan kan wannan, kamar fasinja a mota na albasa. Ba layi, ba haske. Baki."

Nic ce, "Tau in jirgi na ka ja baya, mi aka yi mai?"

Saja yad dube ni kamar akuya ta yi sallama. "Yau ka yi tambaya na mutum. Ka motsa ruwa, jirgi ya yi sauri. Ka dumama kadan. Ka kawo gida kusa da kofa. In jirgi ya yi sauri, sai kofa ya zama mai nawa, sannan ka kara wuta, kadan. In ka kara, ka sake duba wa ne a baya. Kullum akwai na baya. Shi kake bi."

Ni hwa har gobe ban yarda laihina na ba, kuma nan take nig gaya mai. Wa yas sa mata suna wuta? Abin da ba shi da harshe, ba shi son zuga, shina jiran jirgi? Saja yac ce Bature ma ba wuta shika ce mata ba, da sunan ruwa mai gudu shika kiranta.

"Ka ji!" nic ce. "Ashe ruwa na! Ku 'yan bariki kunka ɓata Hausa kunka cuci ɗan maƙera!"

"To," yac ce, "dan makera ya shanye batir duka. Ba wanka yau."

Batura sun mutu murus, sai an kai su wajen mai inji cikin tasha a cika su. Nic ce ma mai injin shi zuga musu da ƙarhi don Allah, sauri nika. Yac ce in ya matsa musu tahwasa za su yi su lalace, su ma a hankali su ka sha. Garin ga dut babu abin da ka karɓar zuga.

Da hantsi nit tahi wajen Hamani. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da kakanni, har na yarda gaban mutane ni bawanai na, abin da ko kaina za a yanke ban taɓa hwaɗi ba.

"Madam," yac ce, shina ɗaure tamfol, "goro ba shi jiran kwalliya." Yat tada mota yab bar ni cikin hayaƙi. Wata motar Yamai kau sai an ga hali.

Nik koma shago wajen Saja. Yas sa munduwa ga dutsin gugar shago yac cire baƙin nan sarai, har ja yad dawo. Ni nis sake dirza, da toka, da soda, da tsami, ina yi ina lissahin cikin Kulu. Da batura sunka dawo yam miƙo min muciya.

"Kai jirgi," yac ce. "Ni kofa."

Ina motsawa shina riƙe da linzami. In ya ga alamar kumhwa guda shi ja baya, shi ce min, "Motsa." Hannuna kamar shi cire, bakina na ƙaiƙayin "zuga," ina haɗiye ta. Hwari yah hau, yah hau, ba dabbare ba gashi, sumul kamar nonon sahe cikin ƙwarya. Da anka ɗauraye yag goge ta da ƙyalle, nid duba nig ga zanena dut, har wanda wanzami yak karkace.

Yan naɗe ta cikin auduga. Sannan yash shiga ciki yah hito da tsohon bargon soja yaj jehwa min ga kahwaɗa. "Sauro na Yeji ya san ka," yac ce. Iya kau taƙ ƙulla min tuwo cikin ganye, tac ce in gaida bayin gidansu na Gobir, in ce musu wanda sunka aiko ya ci ya hi ƙarhin aikinai.

Ƙaramar motar hwasinja nis samu zuwa Yeji, ban san abin da za ni yi daga nan ba. Muna isowa nih hangi layi, ya ma hi na wancan karon, wai igiyar jirgi ta tsinke an ɗaura. Nis sauka ina bin motoci da ƙahwa. Can tsakiya sai ga wasu ƙahwahu sun leƙo daga ƙarƙashin mota, ga yaran mota na yayyahwa ma huhunan goro ruwa kada shi bushe. Na san takalman nan. Nid duƙa, nim miƙe ƙugu tukuna yadda ya kamata.

"Sannu da gudu, ɗana."

Hamani yab buga kai ga ƙarhen mota. Daga Yeji har Yamai gaba niz zauna, kusa da direba, kuma ba a sake jin kalmar madam ba.

Ranar suna da hantsi nish shiga Sabon Birni, ƙura har gira, an riga an yanka rago, mata cike da gida. Baba na zaure da maƙera. Ban ko zauna ba nib buɗe auduga. Baba yak karɓa, yaj juya, yaɗ ɗauko ɗan magagari na gugar ƙarhe yak karci cikinta inda ba a gani. Ja yal leƙo. Yag goga bayanta ga rigatai da ƙarhi, yas sake gogawa, hwari bai motsa ba.

"Tagulla ta," yac ce. "Amma wankan ya zauna."

Ga Baba wannan kirari na. Kaina yak kumbura, nish shige cikin gida da munduwa sama kamar tuta. Inna na zaune kusa da Kulu da jaririya. Nid durƙusa nim miƙa mata, kuma tun da mata sun kewaye ni, nig ga bai kamata su tashi hannu banza ba. Nig gaya musu yadda nit tsoma ta sau guda kahin ƙibtawar ido, yadda Saja yad durƙusa shina kuka kada in tahi, yadda sarkin Kumasi ya aiko in wanke mai ƙohwar gida nic ce sauri nika, ƙanwata na suna.

Inna tak karɓa. Ta auna munduwa ga tahin hannunta, tad dubi inda Baba yak karta, tak kama hannun Kulu tas sa mata. Tag gyara ta sosai, tad daɗe tana kallo. Sannan taɗ ɗago tad dube ni tun daga hula har ƙahwa.

"Ita ko banza ta dawo da haske bisa, tagullarta na ciki. Kai da anka tsoma Kumasi tare da ita, ko bisan bai kama ba."